Baba Kabureta da Akori-Kurar da Aka Cire wa Inji

Akwai wani dattijon bakanike da kowa ke kira Baba Kabureta. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓata, don ko matarsa da wannan take kiransa idan tana son tsokanarsa. Kunnensa ne ya jawo masa sunan. Mota za ta shigo garejinsa tana tari, kafin direba ya kashe ta ya riga ya faɗi ciwonta, kuma da wuya a buɗe a tarar da wani abu daban.

Wannan baiwa ta ba shi abinci, ta ba shi daraja, sai dai ta bar masa wani hali. Bai iya cewa "ban gane ba". Gara ƙashin kifi ya tsaya masa a maƙogwaro da wannan magana ta fito daga bakinsa.

A ƙarshen garejin, wanda ke manne da gidansa, akwai wata tsohuwar akori-kura shuɗiya mai zagayayyun fitilu, tana fake a ƙarƙashin rumfar kwano. Ta mahaifinsa ce. A bayanta ya yi wasa yana yaro, a cikinta ya koyi tuƙi, kuma da ita ya yi shekaru yana kai wa matarsa, Inna, ƙwan kajinta kasuwa.

Rannan injin ya tsage. Baba Kabureta ya shiga shago ya fita shago yana neman irinsa, masu kayan gyara na ce masa wannan sai dai gidan tarihi. Mota ta zauna. Tayoyi suka sace, tsatsa ta fara cin ƙofa, kyanwa ta haihu a kujerar gaba. Masu sayen tsohon ƙarfe sun sha zuwa taya ta, yana korar su da sifana a hannu.

'Yarsa ta ƙarshe, Auta, tana aiki a wani kamfanin sola a wani gari, sai ƙarshen mako take zuwa gida. Wata rana ta shigo garejin ta zagaya motar, ta leƙa ƙarƙashinta, ta ƙwanƙwasa bodin, sannan ta karkaɗe hannunta.

"Baba, motar Kaka fa za ta iya tashi."

"Kin samo inji?"

"A'a. Cire wannan ɗin za mu yi, kuma ba za mu sa irinsa ba."

Baba Kabureta ya ajiye abin da ke hannunsa, ya dube ta sama da ƙasa don ya tabbata lafiyarta ƙalau.

"A cire inji, sannan ta tashi? Da me za ta tashi, da addu'a?"

"Da batir da moto."

"Mota kuma? Mota a cikin mota?"

"Moto, Baba, ba mota ba. Injin lantarki ne, ɗan ƙarami. Shi zai riƙa juya giya. Ba fetur, ba baƙin mai, ba filogi, ba salansa."

"Kabureta fa?"

"Ai ita ce ma farkon fita."

Maƙwabcinsa Mai Walda, wanda suka tsufa tare suna tsokanar juna, yana zaune a kan benci. Ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi.

"Shi ke nan, kai ma an cire ka! Rabu da shi, 'yata, wannan linzami ya fi ƙarfin bakin kaza."

Da Mai Walda bai yi wannan magana ba, da wataƙila Baba Kabureta ya zauna an yi masa bayani dalla-dalla. Amma ta riga ta taɓa shi inda ke masa ciwo. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Wannan ai tsohon zance ne, na daɗe da saninsa. Gwada ta kawai nake yi. A kawo kaya."

Aka raba aiki. Duk abin da ya shafi ƙarfe da noti nasa ne shi da Mai Walda, duk abin da ya shafi waya na Auta ne.

Ranar da aka ɗaga tsohon injin da sarƙa, ya daɗe a tsaye yana kallon ramin da ya bari. Gaban motar ya koma kamar bakin tsohon da haƙoransa suka zube. Da Auta ta fito da moton, ya ga ko girman ƙaramar ganga bai kai ba, sai ya leƙa cikin akwatin ko akwai saura.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

"Wannan ne zai ja kaya?"

"Har ya fi wancan ƙarfin tashi."

Ya gyaɗa kai kamar dama abin da yake tsammani ke nan.

Daga nan kansa ya ɗaure, kuma bai sake kwancewa ba. Auta ta jera batura a cikin akwatin da Mai Walda ya ƙera a ƙarƙashin bodi. Ta kawo wani akwatin ƙarfe mai haƙarƙari ta ce sunansa kwantirola, wai shi ne ƙwaƙwalwar motar. Ta shimfiɗa wasu wayoyi ruwan lemo masu kaurin babban yatsa, ta ce ko da wasa kada ya taɓa su idan ba ta nan. Tana magana tana ambaton bolt da amfiya, shi kuwa a saninsa bolt ƙarfe ne da ake ɗaura wa noti.

Idan ta ce, "Ka gane, Baba?" sai ya ce, "Ci gaba kawai."

Abin da ya fi rikita shi ya faru ne ranar da aka ɗaga tayoyin baya a kan jak za a gwada. Auta ta murɗa makulli, wata koriyar fitila ta kama. Shiru. Yana shirin ce mata batir ya mutu, sai ya ga tayoyi suna juyawa. Ya sunkuya ya kara kunnensa kusa da moton, kunnen nan da ya ciyar da gidansa shekara da shekaru. Bai ji komai ba sai wani siririn kuka kamar na sauro. Kukan lafiya ne ko na ciwo? Oho. Tunda yake bai taɓa tsayawa a gaban mota tana aiki ya zama kurma ba sai ranar.

A gida ya riƙa juya cokali a kwano. Inna ta lura.

"Baban Auta, tunda aka fara aikin motar nan kake cin abinci kamar mai ciwon haƙori. In akwai abin da ya shige maka duhu, ka tambaye ta mana."

"In tambayi wa? Yarinyar da na saɓa a kafaɗa? Ni na koya mata riƙon sukundireba."

"Ai addu'ar kowane uba ke nan, ɗansa ya fi shi."

"Ki ji da kajinki."

Ta ce to, ta ji da kajinta.

Ana gab da gama aiki, Auta ta zo da wasu kwalaye biyu. Ranar gareji cike yake da direbobi masu jiran a duba musu mota, kowa ya zagaye akori-kurar yana ba ido abinci. Ta buɗe kwalin farko.

"Baba, wannan famfon ruwa ne, shi zai riƙa sanyaya kwantirola. Ɗayan kuma na iska ne. Ka ga tunda yanzu babu injin da zai..."

Wani direba ya katse ta da ihu. "Kai jama'a, ku zo ku gani, Baba Kabureta an koma aji ɗaya! Saura a saya masa jakar makaranta."

Gareji ya kaure da dariya. Fuskar dattijo ta murtuke.

"Ke, famfo ne ban sani ba? Tun kafin a haife ki nake ɗaura famfo. Ajiye su nan, ki je ki yi abin da ke gabanki."

Auta ta buɗe baki za ta ƙarasa, ta ga idon mahaifinta, ta haɗiye sauran maganar. Ta ce kawai ta bar wa kowanne wayarsa, sai jonawa. A makon ne kuma kamfaninsu ya tura ta wani aiki mai nisa.

Da gareji ya watse, Baba Kabureta ya ɗauko famfon farko. Wannan kam ɗan gida ne: ƙofar shiga, ƙofar fita, tiyo biyu. Nan da nan ya ɗaura shi. Ya buɗe kwali na biyu, ya ga wani ɗan mitsitsin abu mai baki ɗaya, da 'yar gwangwani da siririn tiyo. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa. Na iska, in ji ta. Wace iskar? Ta taya? Ta sanyaya direba? Ya zagaya motar da shi a hannu yana neman inda zai zauna, ko'ina ya kai shi sai ya ga kamar baƙo ne. Daga ƙarshe ya yanke wa kansa hukunci cewa na ba taya iska ne, irin wanda ake ajiyewa a mota don ko-ta-kwana. Ya mayar da shi kwali, ya ɗora a kan kanta bayan gwangwanayen giris.

Bayan ta tafi, wata rana da yamma Auta ta kira, layin yana yankewa.

"Baba, ka ɗaura famfon?"

"Tun tuni."

"Ka ji yana aiki?"

"Lafiya lau."

"Alhamdulillahi. Amma don Allah kada a fita da ita sai na dawo. Akwai saitin da ban gama ba."

"Na ji."

Bayan 'yan kwanaki, da sassafe, direban da Inna ke ɗauka haya ya aiko cewa motarsa ta lalace. Ga ƙwai an jera kiret-kiret, ga mai gidan burodin da ke saye a wurinta ya riga ya yi kashedi cewa in aka sake makara zai nemi wani. Inna ta shiga ta fita, ta rasa tudun dafawa.

Baba Kabureta ya sa hula ya ce, "A loda a akori-kura."

"Ba Auta ta ce a jira ta ba?"

"Ni na haifi Auta ko ita ta haife ni? Mota ce fa, ba jirgin sama ba."

Aka loda ƙwai, Inna ta shiga gaba. Ya murɗa makulli, koriyar fitila ta kama. Hannunsa da ya saba ya sake murɗawa, ya sake, yana jiran ƙarar da ba za ta zo ba. Sai ya tuna. Ya sa giya ya ɗan taɓa totur, motar ta yi tsalle kamar akuyar da aka tsikara. Ya kai ƙafa birki.

Birkin ya yi tauri kamar ya taka dutse. Motar ta tsaya, amma sai da ya danna da ƙarfinsa duka.

Da a wata mota ce, ko ƙofar gareji ba zai bari ta fita ba. Amma a wannan motar me ya rage yadda ya san shi? Inji ba ƙara, tafiya ba mai, bolt ba ƙarfe ba. Wataƙila haka birkin motocin lantarki yake. Wataƙila in ta yi zafi zai saki. To tana ma yin zafin kuwa? Hannunsa ya tafi aljihun da wayarsa take. Sai ya hango Mai Walda da direbobi sun fito suna tafi, ana cewa, "Sai Baba! Tsohon hannu!" Hannun ya dawo kan sitiyari.

A miƙaƙƙen titi abin ya yi daɗi. Mota na tafiya sumul kamar kwale-kwale a kan ruwa. Mutane na waiwaye, wasu na leƙa bayanta ko tura ta ake yi. Inna ta gyara zama tana murmushi.

"Ka ji ko warin hayaƙi babu. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka."

Shi kuwa gumi yake yi. Bai san lokacin canza giya ba, tunda babu kukan da zai gaya masa. Wani mai tura baro ya yi ta tafiyarsa a gabansu, bai san akwai mota a bayansa ba.

Sai suka iso gangaren da ke sauka kasuwa. Dogon gangare ne, a gindinsa akwai shataletale cike da masu talla da 'yan makaranta masu tsallaka titi.

Mota ta fara ɗaukar gudu, ga nauyin batura, ga nauyin kaya. Ya taka birki, ta ɗan rage kamar mai yi masa alfarma, ta ci gaba. Ya yi abin da kowane tsohon direba zai yi, ya taka kuloci ya mayar da ita ƙaramar giya don inji ya riƙe ta. Ya saki kuloci yana jiran ta yi gurnani ta ja da baya. Babu abin da ya riƙe ta. Wane injin?

"Baban Auta, rage gudu mana."

"Ina ragewa."

"Ban ga alama ba!"

Ya miƙe a kan birkin da ƙafa biyu har ya bar kujera. Ya kashe makulli ko za ta mutu ta tsaya. Fitila ta mutu, mota ba ta fasa ba. Ya danna hon, shiru, ashe shi ma ya bi makullin. Ya zura kai ta taga yana ihu, "Ku kauce! Ku kauce!" Mutane na waige-waige suna neman motar da ake nufi, don ba su ji ƙarar komai ba. Ya fizgi birkin hannu, tayoyin baya suka yi ƙara, bayan motar ya fara lilo.

Inna na ta salati. Shataletale na matsowa, har yana ganin jakunkunan da ke bayan yaran. A hannun dama ya hango tarin yashi a gaban wani gini da ake yi. Ya karya sitiyari da iya ƙarfinsa.

Akori-kura ta cusa hanci cikin yashi. Kiret-kiret suka taso daga baya suka fashe a kan rufi, ruwan ƙwai ya gangaro ta gilashi ya rufe musu gani. Sannan ya ji nishin Inna. Ta tokare da hannun dama lokacin da suka daki yashin, wuyan hannun ya karye.

A asibiti aka yi mata ɗori. Kafin azahar labari ya zagaye dangi, kuma kowa ya riga ya yanke hukunci cewa motar batir ce ta haukace. Wannan ya ce wuta ce ta fizge sitiyarin, wancan ya ce dama abin da ba ya ƙara ba abin yarda ba ne. Baba Kabureta na zaune a benci, rigarsa duk ƙwai, ana tambayarsa me ya faru yana cewa, "Birki ne." Iyakar abin da ya sani ke nan.

Auta ta iso da la'asar, ko jakar aiki ba ta ajiye ba. Tun a baranda Gwaggo, yayar mahaifinta, ta tare ta.

"Kin kyauta! Kin ɗauki iyayenki kin zuba a akwatin wuta. Me ya kai ki wasa da mota? Ga shi kin kusa mayar da kanki marainiya da hannunki."

Auta ba ta ko ambaci cewa ta hana a fita da motar ba. Ta durƙusa a gaban mahaifinta tana kuka.

"Baba, ka yafe mini. Tun a hanya nake ta tunani. Tunda ka ce ka ɗaura famfon birkin kuma yana aiki, to wayarsa ce na haɗa ba daidai ba. Laifina ne."

Famfon birki!

Nan take komai ya warware masa kamar an yaye labule. Ai akwai wata baƙar tukunya a bayan birki wadda inji ke zuƙe wa iska, shi ya sa birki ke yin laushi. An cire inji, wa zai zuƙa? Sai ɗan famfon da ke can kan kanta, bayan gwangwanayen giris. Wannan ba ilimin lantarki ba ne. Iliminsa ne, abin da ya sha koya wa wasu da bakinsa. Da ya bar ta ta ƙarasa maganarta rannan, da shi ne ma zai riga ta kai ƙarshe.

Ya buɗe baki, ya ga Gwaggo, ya ga surukai da maƙwabta sun cika baranda. Ya ce, "Tashi. Ƙaddara ce."

Washegari ya riga kowa shiga gareji, inda aka jawo motar aka ajiye. Ya sauko da kwalin. Yanzu da ya san mene ne, ko da ido rufe zai ɗaura shi. Ga ma wayar da Auta ta bar masa tana lilo daidai wurin. Kafin rana ta ɗaga zai gama, kuma babu wanda zai taɓa sani. Za a ci gaba da cewa wayar yarinya ce ta ba da matsala, kuma yarinya ce, za a manta. Shi fa? Bakaniken da bai gane famfon birki ba, wa zai sake kawo masa mota?

Ya ɗauki sifana. Ya ajiye. Ya sake ɗauka.

Yana cikin haka direbobi suka fara taruwa kallon motar, Mai Walda ya buɗe shago. Ya tura kwalin ƙarƙashin benci da ƙafa. Sai ga Auta da akwatin kayan aikinta, idanu sun kumbura.

"Baba, na zo in kwance baturan. Motar kuma a sayar wa masu ƙarfe in ana so. Zan gaya wa ogana ya mayar da ni ofis. Wadda ta kusa kashe uwarta bai kamata a ba ta wayar gidan mutane ba."

Ta sa safar hannu, ta durƙusa za ta shiga ƙarƙashin mota. Sai sifana ta kuɓuce daga hannunta ta faɗi. Wannan hannun ne ya sha gani yana haɗa wayoyi masu kisa ko gezau.

"Dakata," in ji shi.

Ya jawo kwalin ya ɗora a kan bonet ɗin da ya lotse.

"Ku matso, duk ku matso. Kai ma Mai Walda. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan da kuke gani shi ne famfon birki. Ban ɗaura shi ba, don ban san ko na mene ne ba. Na ɗauka na ba taya iska ne. Yarinyar nan ta so ta yi mini bayani, na hana ta. Ta ce kada a fita da mota, na fita. Tun a ƙofar nan na ji birki ya yi tauri, na ƙi kiranta. Aikinta ba shi da aibi. Ni ne tun ranar da aka fara ban gane komai ba, kai kawai nake gyaɗawa."

Auta ta dubi kwalin, ta dubi mahaifinta, ta sake duban kwalin.

"Amma Baba, na tambaye ka a waya."

"Kin ce famfo, na amsa miki famfo. Na ruwa nake nufi."

"Jiya a asibiti fa? Ka gane, ka bar ni a durƙushe? Ban runtsa ba, Baba. Me ya hana ka tambaye ni tun farko? Ni ce fa."

Ya nuna mutanen da ke tsaye da haɓa. "Kunyar waɗannan."

Mai Walda ya cire hula yana sosa ƙeya. "Mu ma da namu laifin. Mu muka yi ta hura wutar." Direban nan mai zancen jakar makaranta kuwa sai aka neme shi aka rasa.

Auta ta zauna a kan wata tsohuwar taya ta yi kukanta mai isarta, ba wanda ya hana ta. Da ta gama ta share fuska, ta ce, "Ni ma da na ce famfon birki ƙarara a waya, da ba a kai nan ba."

"A'a, kada ki rage mini. Nawa ne duka." Ya jawo benci ya zauna a gabanta. "In kin huce, ki faro mini daga farko. Wai shi bolt ɗin nan naku, a ina ake ɗaura shi?"

Dariya ta kufce mata, ga hawaye bai bushe ba.

Da ya je asibiti ya maimaita maganar a gaban Gwaggo, Gwaggo ta kama baki, ta rasa inda za ta sa kanta. Inna kuwa ko mamaki ba ta yi ba.

"Ai na ga hannunka ya je aljihu ya dawo. Tun a nan na san akwai magana. Na yi shiru ne don kada in ba ka kunya a gaban abokanka. Ka ga ni ma kunyar ce ta karya ni."

Gyaran ya ɗauki lokaci. Mai Walda ya buge bonet ya miƙe, aka ɗaura ɗan famfo, Auta ta ƙarasa saitin da ke sa moto ya riƙe mota a gangare. Baba Kabureta kuwa ya buɗe bakin tambaya, har sai da Auta ta fara roƙon ya bar ta ta sha ruwa. Wasu abubuwan ya gane, wasu har yau in an yi masa bayani sai ya ce, "Ban gane ba, sake." Abin da ya ba shi mamaki shi ne direbobi ba su gudu ba. Layi a ƙofar garejinsa bai ragu ba.

Aka gwada motar ba kaya, a hankali, Auta na gefensa. Ya taka birki ya ji laushi kamar katifa. Yanzu akori-kurar na shan caji daga farantan solar da ke kan rufin gareji, tana fita kowace safiya.

Sai dai ba komai ne ya koma yadda yake ba. Mai gidan burodi ya cika alkawarinsa ya nemi wani, sai da Inna ta sha wuya kafin ta samu sababbin masu saye. Hannunta kuma ya warke, amma bai dawo daidai ba. Ba ta iya ɗaga kiret, in an yi sanyi kuma yakan hana ta sakat.

Saboda haka duk wanda ya bi ta ƙofar gidan da sassafe zai ga Baba Kabureta, da furfurarsa, yana jidar ƙwai daga ɗakin kaji zuwa bayan mota. Inna na zaune a kan kujera tana nuna masa inda zai ajiye da hannun hagu.

"A hankali, Baban Auta. Ƙwai ne, ba ƙarfe ba."

Sai ya ce, "To," ya rage sauri.

Darasi: Rashin sani ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne ke jawo hasara, kuma sau da yawa ba mai girman kan ne ke karyewa ba, na kusa da shi ne. Komai gwanintarka, in abu ya shige maka duhu ka tambaya, ko da wanda ya sani ɗan cikinka ne, don matambayi ba ya ɓata. In kuma ka yi kuskure, kada ka bari wani ya ɗauke maka shi a kansa. Mu kuma masu dariya a gefe, mu daina mayar da mai tambaya abin ba'a. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda tambaya ta maƙale masa a wuya yana jin nauyin furta ta.